Zane na nan, amma taya ta mutu

Da zarar kaka ta kama, duk wani abu mai taya da ya shafe wata takwas ko tara a bayan gida sai ya hau kwalta. Bodin tarakta, injin casar masara da ake ja daga gona zuwa gona, tankin ruwa, janareta mai taya na masu biki da masu wa'azi, da 'yar ƙaramar tirelar da mai walda ya haɗa da ƙafar tsohuwar mota. A daidai wannan lokaci ne za ka riƙa ganin ɓallin baƙar roba a gefen titi tsakanin Katsina da Mashi, ko ka tarar da bodi ya durƙusa gefe guda, an sauke buhuna ana jiran mai faci. In ka tsaya yi musu jaje, maganar ɗaya ce: "Wallahi lafiyarta ƙalau, dubi zanenta." Ba ƙarya suka yi ba, zanen na nan. Tayar ce ta daɗe da mutuwa ba wanda ya sani.

Tayar motar haya suɗewa take yi kafin ta tsufa. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Kano kullum, zane zai ƙare masa tun robar na da ɗanye, don haka idonsa ya ishe shi alƙali. Tayar abin da ake ja kuwa tsufa take yi kafin ta suɗe. Ba ita ke tura mota ba, ba ita ke juya sitiyari ba, kuma mafi yawan rayuwarta a tsaye take. Tana iya kai shekara goma zanenta bai taɓu ba. Mu kuma da ma'aunin tayar haya muke auna ta, har ma mu ƙara da wani abu: tayar da muka cire daga mota don ba mu yarda da ita ba, ita muke kai wa tirela, wai ai ja kawai ake yi.

Babu mutanen da suka sha wuyar wannan darasi kamar Amurkawa masu ɗakin tafi-da-gidanka. Ɗaki ne sukutum a kan taya, da gado da madafa da bayi da tankin ruwa, ana ɗaura shi a bayan mota a tafi yawon hutu. A ƙiyasin 2021, gidaje sama da miliyan 11 ne ke da irin wannan abin hawa a Amurka, kuma a wannan shekarar kaɗai masana'antu sun fitar da kimanin 600,000, kusan tara cikin goma na ja ne, ba masu inji ba. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su. Mai shi zai fita 'yan makonni da bazara, sauran shekara ɗakin na ajiye a rana ko cikin ƙanƙara. In ka cire gado da madafar, rayuwar tayarsa da ta bodin da ke bayan gidan manomi a Mani ko Ingawa duk ɗaya ce: doguwar zama, sai aiki mai nauyi na ɗan lokaci, cikin zafi. Bambancin kawai, su suna da masu aunawa da rubutawa, da kotunan da ake kai ƙarar kamfani, saboda haka abin da mu ke kira tsautsayi su sun bi diddiginsa.

Sai an san abin da ke cikin taya kafin a gane yadda take mutuwa. Baƙar robar da muke gani riga ce kawai. A ƙarƙashin zane akwai shimfiɗu na wayar ƙarfe, yawanci biyu, ɗaya bisa ɗaya, sannan akwai zaren da ke riƙe da jikin tayar daga baki zuwa baki. Abin da ke manne waɗannan shimfiɗu da juna wata siririyar roba ce, kuma ƙarfin taya duka a kanta yake. Iskar da aka hura tana ratsa jikin taya a hankali daga ciki, sinadarin oksijin da ke cikinta yana cin wannan roba, tana bushewa, tana rasa danƙo. Zafi ne ke hanzarta abin. Duk wanda ya taɓa barin robar ɗaure kaya a bayan babur ta sha rana ya san yadda take: a ido tana nan baƙa, kana ja ta tsinke. To wannan ne ke faruwa tsakanin wayoyin taya, a wurin da ido ba ya kai. Ranar da danƙon ya gaza, zanen gaba ɗaya ke ɓarewa daga jikin tayar, ya dinga dukan bodi kamar zai raba shi, wani lokaci ma iskar ba ta fita ba.

Zama kuma ba hutu ba ne ga taya. Masu yin ta suna cuɗa wani kakin kariya cikin robar, wanda ke tasowa saman fata idan taya na birgima tana lanƙwasa. Tayar da ke tsaye ba ta samun sabon kaki, rana da iska na cin fatar, sai tsaga ƙanana su bayyana a gefe da cikin ramin zane. Ga nauyi a wuri ɗaya wata da watanni, ga iska na zurarewa kaɗan-kaɗan, ko da babu ƙusa. Taya mai lafiya ma tana iya rasa iska ɗaya ko biyu a gejin mai faci duk wata. Lissafa wata tara.

Hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka ta yi nazarin tsufan taya, kuma da gangan ta zaɓi birnin Finiks na jihar Arizona, saboda zafinsa. A rahoton da ta kai wa majalisar dokoki a 2007 ta kawo alƙaluman wani kamfanin inshora: jihohi biyar masu zafi, wato Kalifoniya da Arizona da Tekzas da Luwiziyana da Fulorida, su ke da kashi 27 cikin ɗari na masu inshorar, amma daga can kashi 77 na ƙorafin taya ya fito, kuma kashi 84 na waɗannan tayoyi sun wuce shekara shida. Mutumin Katsina ba ya bukatar a fassara masa wannan. A watan Afirilu da Mayu zafinmu na haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Duk shekarun da aka yanka wa taya a Jamus ko Ingila, mu sai mu rage.

Shekarun nawa ne? A nan bakin masana bai zo ɗaya ba, kuma gara mai karatu ya san haka da a ba shi lamba ɗaya kamar saukakkiya. Kamfanin Michelin ya ce daga shekara biyar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara, in ta cika goma a cire ta ko yaya take. Kamfanonin mota irin su Ford sun ce shida. Masu sayar da tayar tirela a Amurka da dama suna cewa uku zuwa biyar. Ingila kuwa doka ta yi: daga 1 ga Fabrairu 2021 haramun ne a sa tayar da ta wuce shekara goma a ƙafar gaba ta babbar mota ko bas, kuma abin da ya jawo dokar wani haɗarin bas ne a 2012 da ya kashe mutum uku, aka gano tayar da ta fashe ta haura shekara 19. A nan gida Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shekara huɗu take faɗa daga ranar da aka yi taya, kuma ta ƙara matsa ƙaimi kan batun bayan rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016, a haɗarin da fashewar taya ta haddasa.

Direbobi na ƙorafin cewa huɗun nan ta yi tsauri, kuma suna da 'yar hujja. Babu kamfanin da ke buga ranar mutuwa a jikin taya, ranar haihuwa kawai ake bugawa. Tayar da ta kwana shekara biyu a sito mai sanyi da duhu ba daidai take da wadda ta kwana shekara biyu a rana a bakin titi ba. Amma ni a ganina, ga abin da ake ja da mota a kan kwalta cikin zafin nan namu, wanda ya riƙe huɗu zuwa biyar bai yi asara ba, wanda ya wuce shida kuwa caca yake yi da kayansa da ran mai babur da ke bayansa.

Karanta ranar haihuwar ba ya bukatar boko mai zurfi. Kwanan baya na tsaya wurin wani mai sayar da taya 'yar Kwatano a wajen Ƙofar Ƙaura, wani dattijo na cinikin guda biyu don tankin ruwansa. Yaron shagon ya mirgino su, sun sha baƙin mai suna ƙyalli, ya soka yatsa cikin zane yana cewa, "Alhaji, wannan ai ko wata shida ba ta yi a ƙasa ba." Ɗan dattijon, matashi da ke biye da shi, ya durƙusa ya shafa gefen tayar da babban yatsa har ya sami haruffan DOT, ya bi jerin haruffa da lambobin da ke gabansu zuwa ƙarshe, inda lambobi huɗu ke zaune cikin wani ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Bai samu a gefen farko na ta biyun ba, sai da ya kifa ta, don sau da yawa gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar. Ya ɗago ya ce, "Baba, wannan 1412, wannan kuma 3915." Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: mako na 14 a 2012, da mako na 39 a 2015. Dattijon ya ce, "To, Allah ya ba da kasuwa," suka wuce shago na gaba. Tun shekarar 2000 ake buga lambobi huɗu. Wadda ka ga lambobi uku ne a ƙarshenta, kafin 2000 aka yi ta, ta girmi yaron da ke sayar maka da ita.

Kasuwar taya 'yar Kwatano na da tarihinta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Legas a shekarar da ta biyo, tun daga nan kusan duk tayar da ke birgima a Nijeriya daga waje take. Tsohuwar taya na cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, amma wanda ya san iyakar Jibiya da ta Kongolam ya san tsakanin takarda da kasuwa akwai tafiya. Cikin abin da ke shigowa har da tayar hunturu ta Turai, mai hoton dutse da ƙanƙara a gefenta, wadda aka yi da roba mai laushi don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Zanenta ya fi na kowace zurfi da kyau, shi ya sa take saurin shiga ido. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Tsufa ke raunana taya, amma abin da ke ƙarasa ta ranar da ta fashe kusan kullum ɗaya ne cikin uku, ko ukun a haɗe: lodi, ƙarancin iska, gudu. Duka ukun hanya ɗaya suke bi, wato zafi. Duk juyin da taya ta yi, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lotsawa ya miƙe. Wannan lotsawa ce ke haifar da zafi a cikin roba. Ƙara nauyi, lotsawar ta ƙaru. Rage iska, ta ƙaru. Ƙara gudu, ta yawaita a kowane minti har zafin ya rasa lokacin fita.

A nan ne wata al'ada ta direbobinmu ke cutar da su, kuma da kyakkyawar niyya suke yin ta. In zafi ya tsananta sai ka ji an ce wa mai faci, "Maigida, rage mata iska, kar rana ta fasa ta." Tunanin shi ne iska na kumbura da zafi, in ta yi yawa taya za ta tashi. Gaskiya ne iska na ƙaruwa, kimanin kashi biyu cikin ɗari a duk ƙarin digiri biyar zuwa shida, kuma tayar da ta yi tafiya za ka auna ta ka ga ta haura abin da aka sa mata da safe. Masu yin taya sun san da wannan, sun bar masa wuri. Lambar da suka rubuta ta taya mai sanyi ce, wadda ba ta yi tafiya ba. Wanda ya sace iska daga taya mai zafi ya mayar da ita lambar safe, to ya bar ta da ƙarancin iska, za ta ƙara lotsawa, ta ƙara zafi, abin da yake gudu ya same shi. Taya mai lafiya ba ta fashewa don rana ta ƙara mata iska biyar ko shida. Mai ƙarancin iska ce ke dahuwa daga ciki.

Rigimar kamfanin taya Firestone da kamfanin mota Ford ta shekarar 2000 a kan wannan gaɓa ta tsaya. An janye taya miliyan 6.5 bayan zane ya riƙa ɓarewa a motocin Ford samfurin Explorer, akasari a wurare masu zafi, har da Saudiyya da Benezuwela. Ford na cewa a sa iska 26, Firestone daga baya ya ce 30 ya kamata, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Daga wannan ne Amurka ta yi dokar da ta tilasta sa na'urar gargaɗin iskar taya a sababbin ƙananan motoci, wadda ta kankama a 2007. Tazarar iska huɗu ce manyan kamfanoni biyu suka yi ta jayayya a kai, mu kuwa da dukan taya da sanda ko da ƙafa muke aunawa.

Lodi shi ma a rubuce yake, ba a bar shi ga ƙiyasi ba. Bayan girman taya akwai lamba da harafi. Ɗauki 195/65R15 91H, irin wadda ke ƙarƙashin ƙananan motoci da yawa kuma ita ke ƙarewa a tirelar mai walda. Lamba 91 na nufin kilo 615, in an cika mata iskar da ta dace. Biyu sun ba da 1,230. Ƙa'idar Amurka ta ce in za a sa tayar ƙaramar mota a tirela a raba ƙarfinta da 1.1, sai ya dawo kimanin 1,118. Ka ce bodin kansa kilo 400 ne. Abin da ya rage buhu bakwai ne na masara mai kilo ɗari, ko takwas in an yi la'akari da ɗan nauyin da ke sauka a kan motar da ke ja. Wa ya taɓa ganin an tashi daga gona da buhu bakwai? Tankin ruwa ya fi ban tsoro, don lita ɗaya kilo ɗaya ce: tanki mai lita 2,000 tan biyu ne kafin a sa nauyin ƙarfensa, ga ruwan na tangaɗi yana jefa nauyin gefe guda a kowace kwana.

Don irin wannan ne Amurkawa ke da taya ta musamman, wadda girmanta ke farawa da haruffan ST. Gefenta ya fi tauri don rage lilo, kuma tana ɗaukar nauyi fiye da tayar mota mai girmanta. ST225/75R15 mai ajin ƙarfi D tana ɗaukar kimanin kilo 1,150 a iska 65, mai ajin E kuma kimanin 1,285 a iska 80. Sai dai an sayi wannan ƙarfi ne da gudu: shekaru da yawa iyakar tayar ST mil 65 ne a awa, kusan kilomita 105, a ƙasar da manyan hanyoyinta ke ba da izinin fiye da haka. Mutum zai ɗauro ɗaki cike da ruwa da kaya, ya taka mil 75 a hamadar Arizona da tayar da ta shekara biyar, in ta tashi ya ce tayar China ce. Har laƙabin bam suka yi wa tayoyin da ake shigo musu da su daga can.

Shin laifin China ne? Akwai tayoyin banza, babu musu, kuma masu haɗa ɗakunan sun daɗe suna sa mafi araha, wadda ƙarfinta ya yi daidai da nauyin ɗakin cif ba rara. Sai a 2017 ƙungiyarsu ta sa sharaɗin a bar rarar kashi goma cikin ɗari. A shekarar ce kuma kamfanin taya Goodyear ya fito da samfurin Endurance da ake yi a Amurka, mai harafin gudu N, wato iyakarta kilomita 140 a awa. Amma sunan ƙasa ba ya ceton taya in an sa ta aikin da ba nata ba. Goodyear ɗin nan dai, a watan Yuni na 2022, ya janye kimanin taya 173,000 samfurin G159 da aka yi tsakanin 1996 da 2003, bayan shekaru ana shari'a. Masu ƙara sun ce an tsara ta ne don motocin rarraba kaya a cikin gari masu tafiya suna tsayawa, sai aka sa ta a manyan ɗakunan tafi-da-gidanka masu inji da ke shafe awanni suna gudu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa tayarsa ba ta da aibi. Ko ma wane ne da gaskiya, ba daga China ta zo ba. A kasuwarmu ma haka nake gani: sabuwar taya mai araha da aka yi bana, mai lambar lodi da ta isa, ta fi mini tsohuwar mai babban suna da ta shekara tara, in dai a tirela za a sa.

Abin da ya fi sauƙin samu a Katsina mai kama da ST shi ne tayar bas da ta motar ɗaukar kaya, mai harafin C a ƙarshen girmanta, irin 195R15C 106/104 ta Hiace. Lamba 106 kilo 950 ce in ita kaɗai ce a gefe, 104 kuma kilo 900 in an gwama biyu. Biyu sun ba da 1,900, kusan kilo 800 fiye da lissafin ɗazu. Amma ba ta ba da wannan sai an cika mata iskarta, wajen 65, ba 35 ɗin da hannun mai faci ya saba ba. Iska ce ke ɗaukar kaya, taya riƙe ta kawai take yi. A tabbata kuma wilin da bakin hura iskar za su jure, don ƙaramin bakin roba na ƙananan motoci iyakarsa ke nan.

Tirela mai taya biyu a jere kowane gefe, gaba da baya, tana da nata ciwon. In ana kwana mai tsanani, tayoyin ba sa bin kwanar, jan su ake yi a kaikaice, kuma wanda ya tsaya kusa zai ga gefen taya na murɗewa kamar zai bar wili. Wannan murɗa tana aiki kai tsaye a kan danƙon da ke tsakanin wayoyi. Sannan in ɗaya ta sace a hanya, direba ba ya ji a sitiyari, don ba a jikin motarsa take ba. 'Yar'uwarta ce ke ɗauke nauyin biyu, kilomita goma ko ashirin, har wani mai mota ya yi masa hon yana nuni da hannu. A canja wadda ta fashe, a bar ɗayar da ta riga ta dahu, gobe ko jibi ita ma ta tashi, a ce an yi wa tafiyar baki. Duk tayar da abokiyar zamanta ta fashe ana tafe, a ɗauke ta a matsayin wadda ta ji rauni. Masu ɗakuna a Amurka yanzu suna ɗaura 'yar na'ura a bakin iskar kowace taya, tana aika lamba gaban direba. Wanda ba shi da ita sai ya tsaya bayan kilomita ashirin na farko ya zagaya ya kai bayan hannu kusa da kowace taya da tsakiyar wili. Wadda ta fi saura zafi tana da magana, ko iska, ko boris ya bushe, ko birki na kamawa.

Ba kowane abin ja wannan tsauri ya shafa daidai ba. Amalanken shanu da ke tafiyar ƙasaita daga gona zuwa gida zai iya cin tsohuwar taya har waya ta fito, in ta sace ba wanda zai mutu. Bodin da tarakta ke ja a kilomita 25 a awa lodi ne babban abokin gabarsa, ba gudu ba. Matsalar tana farawa ranar da aka ɗaura injin casa ko janareta a bayan Hilux aka hau titin Daura, mai tuƙi ya manta da abin da ke bayansa. Tayar da ta saba da tafiyar shanu ba ta san kilomita ɗari a awa ba.

Ajiya kuwa ba ta cin kuɗi. A sauke kaya, a zubar da ruwan tanki, a ɗora bodin kan dutse ko katako yadda nauyi zai bar tayoyin. A rufe su da buhu ko tabarma in babu inuwa. Kada su zauna cikin tabon damina ko inda baƙin mai da gas ke zuba, kada kuma a jingine su kusa da wurin walda ko injin lantarki, don iskar da tartsatsin ke haifarwa na tsattsaga roba. In da hali a ɗan ja shi ya zagaya sau ɗaya a wata. Safaya ma tana tsufa, har ta fi sauri in a rana aka ɗaure ta.

Saura maganar aljihu, wadda ita ce ke hana duk abin da aka faɗa aiki. Taya ta yi tsada, manomi kuma a farkon kaka ba shi da kuɗi, sai ya sayar. Wanda ba zai iya canja duka ba, ya fara da wadda ta yi ƙulu a gefe ko ta kumbura a zane, don wannan waya ta riga ta rabu, ba faci ba dabara. Sai wadda aka yi wa faci a gefe, domin huda a tsakiyar zane wadda ba ta wuce milimita 6 ba ita kaɗai ke karɓar gyara na gaskiya. Sai mai tsaga da ake hango zare ta ciki, sannan a bi shekaru. Tayoyin da ke kan aksul ɗaya su zama girma ɗaya da ƙarfi ɗaya, kada a gwama mai waya da mai zare zalla. In dole sai 'yar Kwatano, a karanta lambar, a sa a cire ta daga wili a leƙa cikinta a shafa da hannu, a guji wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa. In kuma tsofaffin ne dai za su yi kakar bana, to a rage musu abubuwa biyun da ke hannun mai su, wato lodi da gudu: sawu biyu maimakon ɗaya, a fita da sanyin safiya, kada a wuce kilomita sittin. Bayan an ɗaura sabuwa a sake bin notuna da sifana in an yi kilomita hamsin zuwa ɗari, don wilin tirela na saki bayan ɗaurin farko.